Ɗan Reluwe a Rumfar Tukwane

"Lafiya lau, uwargijiya. Ina gajiya?"

"Gajiya tana wurin masu aiki. Kai me ka sani a kanta, bawana?"

Haka kakata Daso ta amsa gaisuwar taubashinta Gajere a kasuwar Dungass, shekara bakwai kafin Faransa ta sakar mana ƙasarmu. Haushi ne ya sa na ɗauki alƙalami, ba zan ɓoye ba. Kwanan baya wani ma'aikaci mai ƙaton ciki ya tsaya a gabana yana cewa mu mutanen wannan yanki ba mu da ta cewa a kan jirgin ƙasa, tunda ko taku ɗaya na dogo ba a shimfiɗa mana ba. Ba a shimfiɗa mana ba, gaskiya ne. Amma mutanenmu sun tsallaka iyaka sun riƙe na wasu, kuma shaidata tana kan murhuna har yau.

Uban Daso da uwar Gajere ciki ɗaya suka fito. Ita ɗiyar namiji, shi ɗan mace, don haka ita ce uwargijiya, shi ne bawa, kuma babu abin da ɗayansu zai faɗa wa ɗaya a kai shi gaban manya. Gajere dogo ne kamar giginya, sunan yarinta ne ya bi shi. Aikin tilas na kumandan, Baturen mulkin Faransa, ya kore shi tun yana saurayi, ya tsallaka iyaka ya faɗa ƙasar da Ingilishi ke mulki, ya yi shekara goma sha shida a tashar Nguru yana duba ƙafafun taragu da guduma. Ya dawo gida da kunnen hagu a toshe. Ya sa maƙerin garin Guci ya ƙera masa guduma mai doguwar ƙota irin ta aikinsa, da ita yake dogarawa maimakon sanda.

Ran nan saura kwana huɗu a kai ɗiyar Daso, Hinda, wato uwata, ɗakin miji, kuma babu tukunyar ƙarfe a kayanta. Rago ɗaya tal Daso take da shi, ta shekara tana turke da shi a kan dusa da harawa. Wani farke daga Maigatari mai suna Alkasim ya yarda a yi musaya: rago da babbar tukunya mai ƙafa uku, baƙa wuluk, tana ƙyalli. A ka'idar kasuwa, da zarar igiyar dabba ta bar hannunka ta shiga na wancan, aka ce Allah ya sa albarka, magana ta mutu. Alkasim kuwa bayan azahar zai ɗaura wa jakunansa kaya ya tsallaka iyaka. Daso ta miƙa hannu da igiya ke nan Gajere ya iso.

"Dakata tukuna," in ji shi. "Wa ya ba ki izinin sayar da mijinki?"

"Ko shi ne mijin ai ya fi ka. Shi an san ranar da zai yi amfani. Matsa min, lebura, inuwarka tana rage wa tukunyata ƙyalli."

"Lebura! A'uzubillahi. Daso, sau nawa zan karanta miki wannan allon? Lebura shi ne wanda ake ɗauka da safe a sallama da yamma, ya saɓi buhun gyaɗa ya jefa a tarago. Ban raina shi ba, guminsa yake ci. Amma ni ɗan reluwe ne."

"Ni dai na san ɗan gwaggona Yakura, wanda ya yi gudu ya bar takalminsa ɗaya a gonar gero."

"Reluwe bakin Ingilishi ne. Hanyar dogo ke nan, da jirgin da ke bin ta, da duk abin da ya rataya a kansu. Ɗan reluwe kuwa shi ne wanda aka ba lambar tagulla aka ɗora masa amanar wani ɓangare na aikin. Direba ɗan reluwe ne. Mai zuba gawayi a wuta ɗan reluwe ne. Mai ɗaga tuta, mai juya layi, mai bin dogo da ƙafa tun asuba yana ɗaure ƙusoshi..."

"Da mai sayar da ƙosai a tasha."

"Ita 'yar tasha ce."

"Ni fa, in na hau?"

"Ke fasinja ce. Taragon awaki."

"Ungo naka! To ai mushe, malamin makarantar lakwal, ya ce ba haka ake kiranku ba. Ya ce da bakin Faransi sunanku shamino."

"Mushe ya taɓa ganin dogo da idonsa? Faransa ta aiko mana da suna, ta manta jirgin a gida. Ga sirdi, ga linzami, doki yana Faris."

Masu tsayuwa a bakin rumfar suka kwashe da dariya. Alkasim bai yi ba. Idonsa yana kan igiya.

"Na ji," in ji Daso. "Amma ai ka bar aikin. Sai dai a ce tsohon ɗan reluwe."

"Babu wannan a bakinmu. Maƙeri in ya daina zuga, kin taɓa jin an ce masa tsohon maƙeri? Har a sa masa likkafani maƙeri ne."

"Maƙeri yana fitar da fartanya a gani. Kai shekara goma sha shida kana ƙwanƙwasa wa jirgi ƙafa kamar baƙo a ƙofar gida, bai taɓa ce maka shigo ba."

"Jirgi ba ya tashi daga Nguru sai na ce ya tashi. Bature da agogonsa yake tsayawa yana jirana."

"Ni ma rana ba ta fitowa a Dungass sai na hura wuta."

"Shi ya sa take makara."

"Malama," in ji Alkasim, "rana tana yi. Ga tukunya, ga rago. Kayan Ikko ne, makon jiya aka sauke su a Kano. Mu gama."

Gajere bai dube shi ba. Ya sunkuya yana kallon tukwanen da aka jera a ƙasa, guda shida, manya da ƙanana.

"Kin gwada ta?"

"Na ƙwanƙwasa da yatsa. Mata suna ƙwanƙwasa tukunya tun kakan Baturenka yana yawo babu wando."

"Ta ƙasa ce ke amsa yatsa. Ƙarfe ba ya hira da yatsa. Kuma dubi yadda aka zaunar da su, ƙafafu a binne cikin rairayi har gindi. A tasha ba ma buga ƙafar da birki ya riƙe, don an toshe mata baki, mai lafiya da mai ciwo duk murya ɗaya za su yi. Rairayin nan birki ne."

"Don kada iska ta kayar da su ne," in ji Alkasim.

"Iskar da za ta kayar da tukunyar ƙarfe, mu ma sai mu binne ƙafafunmu. Uwargijiya, ara min igiya."

"Wace igiya?"

Kafin ta rufe baki ya kwance ta daga wuyan rago, ya zare ta daga hannunta.

"Riƙe mijinki a ƙaho."

"Gajere! Allah ya isa! Zai tunkuɗe ni!"

"Kin saba."

Nan fa kakata ta tsaya a tsakiyar kasuwa, hannu biyu a kan ƙahonin rago, ɗankwali ya karkace. Ni kuwa duk lokacin da na tuna wannan sai in ce mutumin nan ba kunne kaɗai gare shi ba. Babu igiya a wuyan rago, to da me za a miƙa shi?

Gajere ya wurga igiyar a reshen tsamiyar da rumfar ta jingina da ita. Ya fara ɗaure 'yar ƙaramar tukunya ta kunnuwanta, ya ja ta sama har ta bar ƙasa tana lilo.

"A yi shiru."

"Kasuwa ce za ta yi maka shiru? Kai ne kumandan?"

Amma na kusa sun yi. Ya cire hula ya cusa a aljihu, ya juya kunnensa na dama, ya ɗan sake wuyan hannu. Guduma ta taɓa tukunya sau ɗaya. Taaan! Kukan ya tashi siriri ya yi ta tafiya, ya ƙi ƙarewa.

"Kun ji? Ba bugun ake saurare ba. Bugu kowa ya iya. Jelar kukan ake bi, a ji inda ta tsaya. Wannan yarinya lafiyarta ƙalau. A ɗaga min babbar."

Sai da maza biyu suka kama kafin ta tashi. Ya buga. Tan. Ya zaga bayanta ya buga. Tan. Ya buga gefen hagu, ya buga na dama. Kowane bugu sai ta fara kuka ta haɗiye sauran, kamar mai son yin magana a gaban suruki.

Ya mayar da hularsa.

"Wannan da ƙafar tarago ce, ba za ta kai Nguru ba."

"Ba Nguru za ta ba, gidan mijin Hinda za ta."

"Can ma ba za ta kwana biyu ba. Akwai tsaga a jikinta. Ranar da aka cika ta da ruwa aka sa mata itace sosai, za ta buɗe baki."

Daso ta sake duban tukunyar. Ranar da za a cika tukunyar amarya a sa mata itace sosai ai sananniya ce: ranar da za ta fara girki, dangin miji suna zaune suna jira.

"Gajere, kar ka yi min wasa da wannan. Na riga na gaya wa matan unguwa cewa tukunyar Hinda sai a yi wa yaro wanka a ciki."

"To a yi masa. Kada dai a dafa tuwo."

"Jama'a!" Alkasim ya ɗaga murya. "Ku ji min ikon Allah! Kurma ne fa! Duk kasuwar nan ta san jirgi ya cinye masa kunne. Ɗan ƙwadagon da aka koro daga wurin aiki, shi zai tsaya ya ɓata min kaya? Shi da bai ji sallama, tsaga zai ji?"

Babu wanda ya yi dariya. Gajere ya sauke kan gudumarsa ƙasa, ya tsaya yana kallonta. Daso ta matse wuyan rago tsakanin gwiwoyinta, ta saki hannu ɗaya, ta gyara ɗankwali.

"Kai, farke. Uwarka da ubana me suka haɗa?"

"Ban gane ba."

"Ciki ɗaya suka fito? Nono ɗaya suka sha?"

"A'a."

"To da wane bakin? Wannan kurman nawa ne. Gadonsa na yi. Ni kaɗai ke ce masa kurma, ni kaɗai ke ce masa lebura, kuma in na faɗa shi ya san abin da nake nufi. Ba a kore shi ba, da ƙafarsa ya dawo ya binne uwarsa ya riƙe gonarta. Kunnensa ɗaya ya fi naka biyu, haɗe da na jakunanka."

Ta juya wajen Gajere, ta rage murya, amma ba sosai ba.

"Kai kuma, in ka kunyata ni a gaban mutane, kai zan kai wa Hinda ta dafa a cikinka. Abin da kunne ya ji, nuna wa ido."

"An gama, uwargijiya. A samo min kananzir kaɗan, da tsumma, da farar ƙasa."

Mai kananzir yana rumfa ta uku, ya zubo a marfin kwalba. Wata mai sayar da auduga ta ba da farar ƙasar da ake shafa wa yatsa a wurin kaɗi. Gajere ya jiƙa tsumma ya shafe cikin tukunya da bayanta, sannan ya koma ya tsuguna.

"Me kake jira?"

"Ta sha."

"Tukunya ce ke shan kananzir? Ashe abin da kuke yi ke nan a ƙasar Ingilishi, kuna shayar da ƙarfe mai, mu muna nan fitila babu."

"In akwai tsaga, mai zai shiga ya ɓuya. Ba a yi masa gaggawa."

"Ni kuma ragon nan zai karya min ƙugu."

"Zaman aure sai haƙuri."

"Ka tuna ranar da jakin Baba ya kayar da kai a kududdufi? Wa ya jawo ka?"

"Wa ya tsikari jakin?"

"Ban ce ba ni ba ce. Na ce wa ya jawo ka."

Ya tashi ya goge tukunyar da busasshen tsumma har ta bushe ƙayau. Ya murtsuke farar ƙasa a tafin hannu ya shafe ta, baƙar tukunya ta koma fara kamar an yi mata kwalliyar tashe. Sannan ya ɗauki guduma ya ɗan bubbuga mata baki a hankali, sau biyar ko shida.

Da farko babu komai. Alkasim har ya fara buɗe baki. Sai ga wani zare baƙi ya bayyana a kan farin, siriri kamar gashin wutsiyar doki. Ya taso daga gindin ƙafa ɗaya, ya bi cikin tukunyar ya hau, bai tsaya ba sai kusa da wuya.

"La'ilaha illallahu!" in ji mai audugar.

Gajere ya tsinci tsinke ya bi zaren da shi. Kananzir ya riga ya narkar da abin da aka cusa a ciki. Ya ɗago tsinken, baƙin kwalta da kunkunniya a bakinsa, ya miƙa wa Daso har gaban hanci.

"Ga miyar farko da Hinda za ta kai wa surukanta."

Alkasim ya shiga rantsuwa. Haka ya saye ta a Kano, wallahi, shi ma cutarsa aka yi. Ko ya sani ko bai sani ba, Allah ne masani. Ni dai na san wanda ya binne ƙafafu a rairayi.

"Bar rantsuwa, rana tana yi," in ji Daso. "Bawana, buga sauran."

Ya rataye su ɗaya bayan ɗaya. Biyu ya ce babu laifi. Da ya zo kan wata matsakaiciya mai kaushin jiki, da tabon tsatsa a kumatu, wadda aka tura can baya, ya buga sau ɗaya ya ja da baya. Kukanta ya tashi ya cika gindin tsamiya. Mutane suka tsaya suna jiran ya ƙare, ya ƙi. Har wani ya yi dariya, kukan yana nan.

"Wannan," in ji Gajere.

"Wannan mummunar? Kamarku ɗaya."

"Shi ya sa na san halinta. Tsatsar a fata take, toka da tsumma za su fitar. Jikokin Hinda za su ci tuwo a cikinta."

"Ba ta kai ragona ba."

Alkasim ya duba ya ga idon kasuwa duk a kansa. Ya tura 'yar ƙaramar nan ta farko kusa da ita.

"A haɗa da wannan."

Gajere ya kwance igiya daga reshe, ya mayar wa rago a wuya, ya sa bakinta a hannun Daso. Ita ta miƙa da kanta. Aka ce Allah ya sa albarka.

Sai ya tsuguna da ragowar farar ƙasa ya zana gicciye da ɗigo biyu a jikin matsakaiciyar.

"Me kuma kake ɓata min?"

"Alamata ce. Duk taragon da ya wuce ta hannuna da ita yake tafiya. Daga Nguru har bakin teku, wanda ya gan ta ba ya sake dubawa." Ya miƙe ya kaɗe hannu. "Saura ladana."

"Bawa yana da lada?"

"Kalma ɗaya. Ki faɗe ta a nan, jama'a su ji."

"Harshena bai iya bakin Ingilishi ba."

"Ɗazu ya iya lebura. Ita ma ai daga can ta zo."

"Wannan ta fi sauƙin tauna."

"To shi ke nan. Tunda guduma tana hannu, bari in gwada kanki, in ji ko nan ne tsagar take."

Ya ɗaga ƙota. Daso ta sa hannu a ƙugu ta miƙo masa goshi.

"Taɓa ka gani. Taɓa, in ka haifu cikin gwaggona."

Ya tsaya da guduma a sama, ya juya mata kunnensa na dama, ya yi kamar yana saurare. Sannan ya sauke ta a hankali.

"Ba sai na buga ba. Wannan tun muna yara aka buga ta sau ɗaya, har yau kukan bai yanke ba. Lafiyayya ce. A wuce da ita."

Ya dangwala mata farar ƙasa a goshi.

Daso ta so ta riƙe fuska, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace mata har ta dafa tukunya. Da ta samu numfashi sai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, wadda ta sa har 'yan rumfar nama suka waiwayo.

"Ku ji, mutanen Dungass! Ga Gajere na Yakura, mai kunne ɗaya da ya fi dubu! Ga wanda Bature ke jira da agogo! Ɗan reluwe, jiya da yau da gobe!"

"Maimaita ta ƙarshen. Ta ɓangaren kunnen da ya toshe kika faɗa."

"Ɗan reluwe! Na faɗa, kada ka saba." Ta kwance bakin zanenta, ta ciro farin goro guda, babba, wanda ta ɓoye don uwar ango, ta danƙa masa a tafi. "Ungo. Ranar da Hinda ta fara girki kuma, ƙanzon naka ne, babu mai taɓa shi."

"Na gode, uwargijiya."

"Godiya ba ta kai kaya gida. Ɗan reluwe ko ba ɗan reluwe ba, bawana ne. Ɗauki mummunar."

Ya jefa goron a baki, ya ɗora tukunya a ka, ya ɗaga guduma sama kamar tuta.

"Fasinja a bi baya. Taragon awaki yana ƙarshe."